Sai Na Ga Karen Ya Tashi

Sakkwato, 9 ga Yuli, 1960

Zuwa ga taubashiyata Tasalla, gidan Mati dillalin shanu, Fagge, Kano.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigida da yara. Mu nan sai godiya. Ruwa ya sauka sosai, gero ya rufe ƙasa daga nan har Wamakko. Inna Kande tana gaishe ki, ta ce tun da kika koma Bakanuwa ko goro ba ki aiko mata ba. Ni ban ce komai ba, don na san rowarki tun muna yara.

To, ba tsokana ce ta sa na ɗauki alƙalami ba. Zancen mahaifinki ne, Kawu Maigandi. Tun bayan babbar salla fitsari ke ɗaure masa, yana ɓoyewa. In ya kewaya sai ya daɗe, ya fito yana gumi yana dafa bango. Ranar da Inna ta ga jini a wandonsa ta gaya mini, na lallaɓa shi da ƙyar muka tafi asibiti. Likita ya duba ya ce tsakuwa ce ta taru a mafitsara, kuma ta wuce wadda magani zai narkar. Sai an buɗe mara an ciro ta. In an bar ta, wata rana za ta toshe hanya gaba ɗaya, ranar kuwa ba sauran dabara.

Kin san halin mahaifinki. Ya saurari likita har ya gama, ya yi masa godiya, ya ɗauki sandarsa muka fito. A hanya ya ce mini:

"Ashafa, tun ban kai tsawon maraƙi ba nike hwawa. Cikin da na buɗe da hannun ga ba shi ƙirguwa. Ko guda ban taɓa ganin wanda anka ruhe ya tashi ya ci ciyawa ba. Mi wani za shi hwaɗa mani bisa wuƙa?"

Na ce zan kawo masa mutanen da aka yi wa aikin suka warke. Ya ce mutum yana iya ƙarya don ya faranta wa likita. Dabba ce ba ta ƙarya. In na nuna masa dabbar da aka buɗe wa ciki aka rufe, ta tashi yana kallo, to zai kwanta a yi masa. Ya faɗa ne don ya rufe mini baki, na sani.

Sai ga ikon Allah. Kin san aikina na malamin dabbobi ya haɗa da duba nama a kwata kowace safiya. A bayan katangar da ake zubar da ƙazantar tumbi akwai wani tsohon kare, an ce mafarauci ne ya yar da shi da ya daina gudu. Na lura yana ta tsugunawa ba abin da ke fita sai ɗigon jini. Na ɗauke shi a buhu na kai wa maigidana, Baturen likitan dabbobi. Ya latsa mararsa ya ce tsakuwa ce, irin ta Kawu sak. Bakinsa ma ya ruɓe, haƙoran sun farfashe wajen tauna ƙashi. Ya yarda zai yi masa aikin duka biyu in ya ɗan yi ƙarfi.

Yanzu karen yana ɗaure a bayan gida, wajen turken raguna. Kawu ya gan shi da idonsa yana wannan tsuguno. Ya daɗe yana kallo.

Ki taya mu addu'a.

Taubashinki,
Ashafa.

*

Fagge, Kano, 24 ga Yuli, 1960

Ashafa,

Na gaishe ka, na gaishe da Inna Kande. Ka gaya mata goro yana nan tafe. Wasiƙarka ta daɗe a hanya, an ce gada ta karye wajen Gusau. Wannan da kake karantawa hannuna ne, ba wanda ya rubuta mini, don haka abin da ke cikinta nawa ne.

Hankalina ya tashi ƙwarai da jin ciwon Baba. Da ba don halin da nake ciki ba, wanda ba sai na faɗa wa namiji ba, da na hau mota gobe. Mati ya ce ko kusa, hanyar damina ba ta mai nauyi ba ce.

Amma tsaya tukuna. Kare? A gidan ubana? Gidan da nama ke kwana, gidan da mutanen unguwa ke aiko yara da kwano? Ashafa, bokon nan ya taɓa maka kai. Ka san abin da magana ɗaya za ta yi wa mahauci in ta shiga kasuwa.

Kuma akwai abin da ban gane ba. Duk karnukan Sakkwato, sai ranar da Baba ya kafa maka sharaɗi ne ka ci karo da mai irin ciwonsa sak? Ni tun da nake ban taɓa jin kare da tsakuwa a ciki ba. Kai ne ka gani, maigidanka ne ya tabbatar, ku biyu ne za ku yi aikin, ku biyu ne za ku ce ya yi kyau. Wa zai ƙaryata ku?

A nan Kano kowa ya san Turawa na ɗaure kaya, an ce da Oktoba mulki zai dawo hannunmu. Mati ya ce duk ma'aikacin da ke ƙarƙashin Bature yanzu ba abin da yake nema sai a ambace shi da alheri kafin a tafi, don kujerun da za a bari. Ban ce kai ma haka kake ba. Tambaya nake yi. In sun yanka Baba sun hau jirgi, wa za mu kama?

An gwada sassaƙe kuwa? Akwai wani Bafillace a nan da ya warkar da mutum biyu da na sani. Zan aiko da shi a ƙulli ta hannun masu koro shanu.

Ka rubuto mini komai, kada ka tace. Na san ka da iya gyara zance, tun ranar da ka fasa wa Inna tulu ka ce iska ce.

Tasalla.

*

Sakkwato, 14 ga Agusta, 1960

Tasalla,

Gaisuwa da fatan Allah ya raba lafiya. Kowa na gaishe ki. Sassaƙenki ya iso, Kawu ya sha har ya ƙare don kada a ce ya raina ki. Ciwo yana nan inda yake.

Zancen kujera da kika yi ya ɓata mini rai, amma na bar shi a wasan taubasai. Batun ajiye kare kuma, na tambayi Malam Junaidu, limamin unguwa. Ya ce karen da ke tsaron dabbobi ba laifi, muddin yana waje da kaskonsa daban. Haka muka yi.

An yi aikin. Na so Kawu ya je ya gani, ya ce shi ba ya shiga inda ake kwantar da kare bisa tebur kamar mutum. An yi wa karen allurar barci, aka aske mararsa, Bature ya buɗe ya ciro abin, ya ɗinke. Kafin ya farka aka cire masa ruɓaɓɓun haƙoran, da na gaba da wasu turame, don mugunyar da ke dasashinsa ita ma tana iya kashe shi. Da la'asar na dawo da shi a amalanke, na kawo wa Kawu tsakuwar a ƙyalle, ta kai ƙwan kurciya. Ya jujjuya ta, ya ɗan kankara da wuƙarsa, ya dube ni, ya jefa ta a aljihu.

Kwanakin farko ban yi zaton karen zai kai labari ba. Yana kwance kamar tsumma, baki a kumbure, ko ruwa sai na ɗiga masa da ludayi. Na ɗaura masa tsinkakken kwando a wuya don kada ya kai baki ga ɗinkin, yara suna leƙowa ta katanga suna dariya. Kawu kuwa ya sa an kai masa tabarma gindin darbejiyar nan. Daga nesa yake zama, ba ya taɓa shi, sai dai ya miƙa sanda ya ɗaga ƙafarsa ya leƙa mikin.

Ranar da karen ya fara lasar kunu, Kawu ya ce mini, "Kunu na abincin mai miki? Kai ba ka san komi ba." Washegari ya aiko daga rumfa da huhu da 'yar hanta, ya tsaya a kan Inna ta dafa har suka yi laushi, aka daka aka zuba romo. Mutumin da ko da almuru bai yarda kare ya gitta ƙofar rumfarsa ba.

Shekaranjiya da hantsi karen ya miƙe da kansa. Ya yi tangaɗi ya je jikin katanga, ya saki fitsari mai yawa, fari tas, har ya yi hanya a ƙasa. Tasalla, da kin ga fuskar mahaifinki. Ya bi wannan hanyar ruwa da ido har inda ta tsaya. Sai ya ce a hankali, "Ashe ana ruhewa."

Bai ce ya yarda ba tukuna, ya ce sai an zare zaren ya ga fata ta kama. Amma na je na gaya wa likitan asibiti, ya ce a kawo shi farkon Satumba. Likitan yana nan har bayan bikin mulkin kai, na tambaya saboda ke.

Ashafa.

*

Fagge, Kano, 27 ga Agusta, 1960

Ta hannun Malam Junaidu, liman. Allah ya gafarta Malam, ina roƙo ka karanta wa Baba wannan da bakinka, ba a gaban Ashafa ba.

Baba,

Ina gaishe ka da girmamawa. Yaya ƙarfin jiki? Allah ya ba ka lafiya, ya sa kaffara ne. Jikokinka suna gaishe ka.

Baba, ban isa in koya maka dabba ba. Amma na karanta wa Mati wasiƙar Ashafa, da na zo wajen haƙora sai ya ajiye kwanon tuwo. Ya ce duk wanda ya yi kwana ɗaya a kara ya san ba a taɓa bakin dabba sai in ana son ɓoye shekarunta. Da haƙori kake gane sa, da haƙori kake gane rago. Ciwon yana mara, me ya kai su baki? Ashafa ya ce mana tsohon kare ne. Yanzu da aka zubar da haƙoran, wa zai iya cewa ba matashi ba ne da yunwa ta ramar? Jikin yaro yana kama ɗinki. Kai kuwa, Baba, ka san shekarunka.

Na biyu, ba ka je wajen aikin ba. Abin da ka gani zare ne a kan fata. Ko ni da allurata zan iya tsaga fata sama-sama in ɗinke, ciki yana nan ba a taɓa ba. Dabbar da aka ba hanta da romo kullum kuwa, ko ba a yi mata komai ba za ta miƙe.

Na uku, tsakuwa. Gulbi yana nan bayan gari cike da irinta.

Ban ce Ashafa yana nufinka da sharri ba, ɗan ƙanwarka ne, a gidanka ya tashi. Amma ya ci abincin Turawa, abin da suka ce shi ne gaskiyarsa, kuma in ya ƙudura abu ba ya jin kunyar gyara zance don ya kai ga shi. Ni uba ɗaya gare ni. In aka kwantar da kai ba ka tashi ba, shi zai ce ƙaddara ce ya koma wajen aikinsa.

Kada ka yarda da abin da ba ka tabbatar da kanka ba. Abin da nake roƙo ke nan.

'Yarka,
Tasalla.

*

Sakkwato, 8 ga Satumba, 1960

Tasalla,

Muna lafiya, ban da wanda kika sani.

Malam Junaidu ya cika miki amana, ya karanta ba na nan. Da na dawo daga kwata na tarar an naɗe tabarmar gindin darbejiya. Ranar da likita ya sa ta zo ta wuce, Kawu yana ɗaki. Na tambaye shi dalili, ya ce, "Ɗiyata ta yi tambaya ukku, ka ba ni amsar guda." Na ce ga ni, ga Bature, a je a tambaye shi. Ya ce ai shi ne abokin shawarata.

Na rantse masa. Tun da nake ban taɓa rantse wa Kawu ba, don bai taɓa buƙata ba. Ya dube ni kamar yadda yake duban Bafillacen da ya kawo saniya mai tari yana cewa ƙura ce.

An zare zaren, fata ta kama, karen har yana bin raguna da haushi da wannan bakin nasa na wofi. Ba mai kallonsa. Mahaifinki kuwa jiya tun asuba har azahar ko ɗigo bai fita ba. Ƙafafunsa sun fara kumbura. Inna tana kuka a madafa don kada ya ji.

Kin ce uba ɗaya gare ki. Ni nawa ya rasu ina goye, wannan ne ya yi mini kaciya, ya kai ni makaranta mutane suna zaginsa. Ba zan ƙara cewa komai ba, don abin da ke bakina yanzu ba na wasa ba ne.

Ashafa.

*

Sakkwato, 13 ga Satumba, 1960

Tasalla,

Ban jira amsarki ba. Ina rubuta wannan a tsaye a farfajiyar asibiti.

Jiya da safe Sarkin Fawa ya zo dubiya da manyan rundawa, wato mahautan gari, Malam Junaidu ma yana nan. Kawu ya sa aka fito da shi zaure, ya jingina da bango, fuskarsa ta yi toka. Ana cikin gaisawa sai ya ce mini, "Kawo karen." Na yi zaton ban ji daidai ba. Ya sake faɗa.

Na jawo shi har bakin zaure. Mutane suka tattara riguna suka ja baya. Kawu ya naɗe hannun rigarsa har gwiwar hannu, ya yi bisimilla, ya ce in kwantar da shi rigingine.

Sarkin Fawa ya ce, "Maigandi, mi za ka yi? Da hannun da kake ba Musulmi nama?"

Bai ko dube shi ba. Ya ɗora tafinsa a marar karen, ya rufe ido. Kin san yadda yake yi wa rago a kasuwa, ya latsa nan ya latsa can ya gaya maka kitsen da ke ciki kafin a feɗe. Haka ya yi. Ya bi tabon da babban yatsa, ya tsinci fatar ya ɗaga ta gefe, ya tura yatsu ƙarƙashinta yana lalube. Karen ya yi lamo, sai wutsiya da yake bugawa a ƙasa. 

Can ya ce, "Ɗinki biyu na. Ga na hwata, ga wani can ƙasa cikin tsoka, ina jin ƙullinai. Wuƙa ta kai har ciki."

Bai tsaya nan ba. Ya kama fatar wuya ya ja ya saki, ya ga yadda ta daɗe ba ta koma ba. Ya shafa ƙashin ƙugu, ya murza gwiwoyin baya, ya duba furfurar da ke haɓa. Ya ce, "Ba sai da haure ba. Wanga tsoho na tukuf. Sa'ana na."

Sarkin Fawa ya miƙe ya ce kafin azahar duk kasuwa za ta ji, kuma shi ba zai iya hana bakin mutane ba. Kawu ya ce ya sani. Ya sa Inna ta kawo ruwa da ƙasa ya wanke hannu yadda Malam ya ce, sannan ya ce da ni, "Nemo mota."

Likita ya yi faɗa ƙwarai da ya ga ƙafafun. Ya ce mun makara, sai sun fara zuƙe fitsarin da roba jiki ya sauka, sannan su ga ko zai ɗauki aikin. Bai yi mini alkawarin komai ba, ni ma ba zan yi miki ba.

Ashafa.

*

Fagge, Kano, 5 ga Oktoba, 1960

Ashafa,

Ina gaisuwa. Don Allah, don Annabi, me ake ciki?

Wasiƙunka biyu rana ɗaya suka iso mini, na karanta ta biyun kafin ta farkon. Tun daga nan shiru. Na rubuta maka, ba amsa. Kano ta cika da kiɗa da tutoci, yara sun dawo daga fili da kofuna da shinkafa a ciki, ni ko ƙofar gida ban leƙa ba. Kowa na murnar an sami mulkin kai, ni ina zaune ina sauraren sallamar mai kawo wasiƙa.

Jiya wani mai koro shanu ya zo wajen Mati daga Sakkwato. Na tambaye shi ta bayan labule, ya ce rumfar Baba a rufe take, an kife tebur. Da na ce ina mai rumfar, sai ya ce shi bai daɗe a gari ba. Na san irin wannan amsa. Na san yadda ake yi wa mace mai ciki, a yi ta ce mata da sauƙi har sai ta sauka.

In ya rasu ku gaya mini. Ni ce na sa ya ƙara kwanaki bai je asibiti ba, ina da haƙƙin in sani. Kada kuma ka rubuto mini da hannunka cewa yana lafiya, don wallahi ba zan iya yarda ba, ko ina so. Ka sa ya faɗi magana da bakinsa Malam ya rubuta. Na san maganar ubana.

Tasalla.

*

Sakkwato, 16 ga Oktoba, 1960

Daga Maigandi mahauci zuwa ga 'yarsa Tasalla. Ni Junaidu na rubuta yadda ya faɗa, ban gyara ba.

Tasalla, ina gaishe ki, ina gaida Mati da ɗiya. Ni na, ban mutu ba. Ki bar kuka, ba shi da kyau ga mai nauyi.

An yi aikin ana gobe biki. Ban san komi ba, na ji an ce in ƙirga, sai na hwarka da ƙishirwa ana ta buga bindiga cikin gari. Na sha wuya bayan nan, zazzaɓi ya kama ni har an kira Malam. Shi ya sa kinka ji shiru. Ashafa ya ce ba shi rubuta maki sai ya san wace magana za shi rubuta. Yanzu ina gida, ina takawa har masallaci, hitsari kuwa sai dai in ce alhamdu lillahi. Na laluba ɗinkina. Na karen ya hi shi kyau, na hwaɗa ma likita haka.

Rumhwa ni na ce a ruhe. Mutane sun ce ba su cin naman hannun da ya shahwa kare. Ban ga laihinsu ba, da ni na ji haka ga wani, da ni ma ban saye ba. Karen shina nan wajen turke. Ashafa ya ce a kai shi ruga Wamakko, na ce a bar shi, huhu ba shi da tsada.

Yanzu ki saurara, wagga tsakanina da ke da Malam ta. Cikin tambayoyinki ukku, guda kin yi daidai. Tsakuwar da Ashafa ya kawo mani ta gulbi ta. Tun ranar na gane. Na sha hidda tsakuwa ga mahitsarar shanu, in ka kankara ta da wuƙa gari takan yi. Wagga wuƙa ta zame bisa gare ta. Ban san inda ta gaskiyar ta tahi ba. Ko Baturen ya riƙe abinai, ko yaron ya ga ta yi ƙanƙanta ba ta isa ta ba ni tsoro. Ban tambaya ba. Shi ya sa takardarki ta kama ni, na ce wanda ya sauya tsakuwa shina iya sauya sauran. Da na sa hannu na ji sauran dut gaskiya na. Ga tsakuwa ɗai ya yi mani ƙarya, kuma na san don mi ya yi ta.

Wadda anka hidda gare ni, na kankara. Ta yi gari.

Yaron nan tun da anka kwantar da ni bai kwana gida ba. Bature ya so ya tura shi wani karatu kahin ya tahi, ya ce shina da majinyaci, aka ba wani. Ya rame ya hi karen ramewa ranar da ya kawo shi. Ya karanta takardarki ta ƙarshe, inda kinka ce ba ki yarda da hannunai, ya ninke ya kawo ma Malam, ya hita.

Ki rubuta mai. Ki tsokane shi yadda kunka saba, ki ce mai mai bokon banza, ki ce mai abin da kinka ga dama. Amma zancen tsakuwa kada ya hito bakinki har in mutu. Shina tsammanin ya ruɗe ni, ki bar shi da abinai.

Allah shi sauke ki lahiya.

Ubanki,
Maigandi.